Ruwan Kuɓewa a Shagon Mis Odel

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Tun ɗazu nake jin Ummi tana cewa gyaran gashi ba wani abu ba ne, wai a kalli bidiyo na minti uku, a sayo kwalabe huɗu, shi ke nan an gama. To ga kan Hanifa nan, ita ma bidiyon ta kalla. Ranar Asabar ta shafa bilicin, maganin nan mai koɗar da launin gashi, da hannunta, ranar Lahadi ta ɗora jan rini a kai, yau Laraba gashi ya miƙe tsaye kamar tsintsiyar kwakwa. Ba faɗa zan yi miki ba, 'yar nan. Zo ki zauna a ƙasa nan gabana, za mu gyara in Allah ya yarda. Amma tunda aikin zai ci mana awa biyu, sai kun ji yadda aka yi na iya shi.

Na zo garin nan Greensboro na Amurka a ƙarshen shekarun saba'in, na biyo mai gidana Malam Sani da ya zo karatun aikin gona a jami'a. Ban zo da niyyar sana'a ba. A ƙasan akwatina dai akwai tsinken kitso biyu, da matajin katako, da gwangwanin madara cike da man kaɗanya, da ƙullin garin karkashi na wanke kai. Kakata Iya Abu ce ta cusa su. Ita ce makitsiyar unguwarmu a Zariya, kuma tun ina 'yar shekara bakwai nake zama kusa da ita ina miƙa mata mai. Kafin in yi aure babu kitson da ban iya ba, shuku ne, zane ne, kalaba ce, duk wanda mace ta kwatanta da yatsa. Saboda haka da na sauka ƙasar nan gani nake na san gashi ciki da bai.

Wata Asabar na je gidan wanki na inji tare da 'yata Zainab, tana da shekara uku, na yi mata ƙananan zane. Wata baƙar Ba'amurkiya, babbar mace mai tabarau rataye a wuya da sarƙa, ta bar kayanta suna juyawa ta zo ta tsuguna gaban yarinyar. Ta ɗora tabarau, ta bi tsagar kitson da ido tun daga goshi har ƙeya.

"Wa ya yi wannan?" in ji ta. Turancina a lokacin bai wuce na firamare ba, amma na gane.

Na ce ni ce.

"Da rula kika ja layin?"

Na ce a'a, da tsinke.

Ta miƙe, ta rubuta kwatance a bayan kwalin sabulu ta miƙo mini. "Sunana Odel. Ki zo ranar Talata. Ki zo da tsinken."

Shagon Mis Odel falon wani tsohon gida ne a gabashin gari. Kujeru uku, diraya biyu irin masu hular da ake kifawa a ka, baho ɗaya na wanke kai, da ɗan murhun lantarki inda ake gasa matajin ƙarfe. Na shiga da tsinkena a jaka ina jiran a ba ni kai in nuna bajinta. Sai ta miƙa mini atamfar roba ta ɗaura gaba, ta nuna mini bahon.

"Nan za ki tsaya."

Wata shida ban yi komai ba sai wanke kai da wanke tawul. Ni, jikar Iya Abu. Na koma gida ina huci, Malam ya yi dariya ya ce, "Rabi, ni ma da digirina na zo, amma ga shi kullum ƙasa suke sa ni aunawa a cokali. Ki yi haƙuri."

A bahon nan na koyi abin da kitso bai koya mini ba. Ruwan zafi maƙiyin rini ne, yana wanke launi ya bar gashi a bushe, don haka sai ka gwada ruwan a cikin tsintsiyar hannunka, ya zama mai ɗumi-ɗumi kamar na wankan jariri. Shamfo na fatar kai ne, ba na bakin gashi ba. Kumfar da ta gangaro ta ishi baki. Ba a sosa da farce, da tsokar yatsa ake murzawa. Ba a dirje jiƙaƙƙen gashi da tawul, dannawa ake yi a hankali. In za a taje, daga baki ake farawa a hau sama, da mataji mai faɗin haƙora, kuma kondishina, wato man laushi, na jiki. Duk kan da ya zo, kafin a taɓa kwalba, Mis Odel takan tsinke silin gashi ɗaya, ta jiƙa, ta ba ni ta ce in ja. In ya miƙe ya dawo, lafiyarsa lau. In ya tsinke nan take, ƙishirwa yake ji. In kuwa ya yi ta miƙewa kamar cingam bai dawo ba, magani ya cinye ƙarfinsa, kada a kuskura a ƙara masa wani. Na ja silin gashi ya fi dubu kafin yatsuna su fara gaya mini gaskiya ba tare da na tambaye ta ba.

Kan farko da aka bar mini ni kaɗai na wata nas ce, ta rina gashinta ruwan zuma, ya bushe ƙayau. Na ce yau zan nuna musu man gida. Na ɗebo man kaɗanya da yawa na shafe shi tas har yana ƙyalli. Bayan kwana uku matar ta dawo, gashi na nan a bushe, ga kuma maiƙo ya ɓata mata wuyan farar riga. Mis Odel ta kai ta baho. Ta sake wankewa, ta bar gashin da danshi, ta lakato man nawa ɗan kaɗan ta narkar a tafin hannu ta shafa. Da matar ta fita sai ta juyo.

"Rabi, in kika rufe tukunyar da babu komai a ciki, me kika rufe?"

Na ce babu.

"To mai murfi ne. Ruwa shi ne abincin. Ki zuba tukuna, sannan ki rufe."

Sai na tuna gida. Iya Abu ba ta taɓa shafa wa mace mai a busasshen kai ba, kullum sai an wanke yana ɗiga. Shekara goma ina kallonta ban taɓa tambayar dalili ba, sai da na tsallako teku wata ta faɗa mini da Turanci.

Matajin ƙarfe kuwa, ku da kuka tashi da na lantarki mai lamba ba ku san shi ba. A murhu ake gasa shi, babu abin da zai gaya maka zafinsa sai farar takarda. Ka goga, in ta yi ja, ya yi yawa, ka kaɗa shi a iska. Mace ta riƙe kunnenta ta naɗe shi ƙasa, kai kuma ka riƙe numfashi. Ka yi awa guda kana miƙe gashi ya kwanta sumul, ta fita ta ci karo da danshin iskar watan Yuli, kafin ta kai mota ya tashi kamar audugar rimi. Lokacin sanyi kuma hitar ɗumama ɗaki ce take tsotse shi har yana ƙara in an taje. Garin nan ba shi da watan da gashi ke hutawa. A tsakanin haka takarduna suka daidaita, na shiga makarantar koyon sana'a da rana uku a mako, na ci jarrabawa, aka ba ni lasisi. Mis Odel ta sa shi a firam da kanta ta rataye kusa da nata, amma almakashinta ba ta taɓa bari na ɗauka ba. Ta ce in sayi nawa, almakashi hannu ɗaya yake sani.

Akwai wata rana da doguwar mota ta tsaya a ƙofar shago, irin wadda ba ta biyowa ta layinmu. Wata Baturiya ta fito da ɗankwali ɗaure har gira, tare da mai aikin gidanta, wadda kwastomarmu ce. Baturiyar matar wani likita ce daga Irving Park, unguwar masu kuɗi. Shago ya yi tsit, har rediyo aka rage. Ta zauna, ta kwance ɗankwali, sai ga gashi kore. Ba wasa nake ba, kore kamar ganyen latas. Ta yi bilicin ya zama fari-fari, ta yi ta iyo a tafkin kulob ɗinsu duk bazara, ruwan ya kama shi. Salun ɗinta sun ce sai dai su ƙara wani rini, ita kuma tana jin gashin na tsinkewa, ga baƙi za ta yi ranar Juma'a.

Mis Odel ta ja sili ɗaya, ta dube ni ta ce, "Je kicin ki ɗauko tumatirin gwangwani."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na kawo, ta ce in shafa tun daga gindi har baki. Ni da na saba soya shi da albasa, ga ni ina dama shi a kan matar likita. Matar ta rufe ido ta ce da ƙaramar murya, "Dafa ni za ku yi?"

Mis Odel ta ce, "Sai kin yi minti ashirin tukuna, uwargida. Ba kya nuna da wuri."

Matan da ke ƙarƙashin diraya suka fashe da dariya, ita ma ta kasa daurewa. Da muka wanke, koren ya tafi. Gashinta siriri ne kamar zaren gizo-gizo, man da zan shafa wa Hanifa yanzu da ya kwantar da shi kamar jiƙaƙƙiyar kaza, don haka ɗan ƙwayar gero na lakata na taɓa bakin kawai. Kowane kai da mudunsa. Daga baya ta turo mana wata ƙawarta mai kiwon dawakai a Summerfield, wadda take wanke kanta da sabulun dokinta tana mamakin me ya sa yake bushewa.

Farkon shekarun tamanin aka shigo da yayin kal, gashi mai lanƙwasa wanda kullum yake jiƙe yana sheƙi. Kowa shi yake so. Magani biyu ake sawa, a naɗe da ƙananan roba, a yi rabin yini a kujera. Filo ya shiga uku, kujerar mota ta shiga uku, duk inda mutum ya jingina sai ya bar shaida. Muna buɗewa da sassafe, ba ma zama sai la'asar. Yawancin matanmu a masaƙa suke aiki, in an tashi daga shif sai su cika benci da kayan aikinsu, ana hira ana cin gyaɗa. Ina kitsa wa 'ya'yansu a gefe, suna koya mini Turancin da ba ya cikin littafi, ni kuma na koya musu "sannu da aiki" har suna gaishe ni da shi daga bakin ƙofa.

Sai shekarar da masaƙu suka rage ma'aikata ta zo. Wasu aka sallame su, wasu aka mai da su kwana uku a mako. A daidai lokacin kuma kantuna suka cika da maganin kal da na rini a kwali, da hoton mace tana murmushi, wai ki yi da kanki a gida. Ba na ganin laifin kowa. Mace mai 'ya'ya huɗu da aka rage wa aiki, gashi ne abu na farko da za ta ce ya jira. Benci ya zama wayam. Wata ma'aikaciya da muke aiki tare ta tattara ta koma Atlanta wurin 'yar'uwarta. Ni da Mis Odel mukan zauna mu ninke tawul ɗin da babu wanda ya yi amfani da shi, mu warware, mu sake ninkewa. Wata safiya ta ce, tana kallon titi, "In aka kai ƙarshen shekara a haka, zan rufe. Ki fara duba wani wuri, Rabi. Hannunki ya yi kyau da yawa da za a bar shi yana ninke tawul."

Ana cikin haka, wata Talata a watan Agusta, Sista Klara ta shigo. Ita ce shugabar mawaƙan cocin su Mis Odel, doguwa mai murya kamar ganga, shekara ashirin tana gyara a wurin Mis Odel, amma wata biyar ba mu gan ta ba. Ta shigo da babbar malafar coci a ranar da ba Lahadi ba. Ta leƙa ko'ina ta tabbatar babu kowa, ta ja labule da kanta, ta zauna, ta cire malafar.

Na ga ɓarna a sana'ar nan, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Gashinta dama yana da rilaksa, maganin miƙe gashi, kuma tana rina shi baƙi don furfura. Ta sayi kwalin kal ta ɗora a kai, bai yi ba, ta sake. Da ta ga launi ya koɗe, ta ƙara rini washegari. Gashin ya dunƙule waje ɗaya kamar tsohon soso, wani wuri ya narke, ƙeya ta zube saura ɗan guntu. Mis Odel ta sa mataji a gefe a hankali, ya fito da tarin gashi cike da hannu.

"Klara," in ji ta, "me ya sa ba ki zo ba?"

"Kunya, Odel. Na je na sayi kwali bayan shekara ashirin, da wane ido zan dube ki?"

"Da wanda kike dubana da shi yanzu. Sai dai a aske. Ina da wig mai kyau."

Sista Klara ta girgiza kai. "'Yata za ta yi aure mako goma masu zuwa. Ni zan raka ta har gaban coci, ubanta ba ya raye. Ba zan shiga hoton bikin 'yata da gashin wata ba."

Mis Odel ta san gaskiya: in dai mataji ba zai shiga ba, babu abin da za a ceta. Ni kuma ina tsaye ina tunanin karkashi. A gida, in kitso ya daɗe ya cukurkuɗe, yauƙin karkashi ake zubawa, gashi ya saki kansa. Nawa ya ƙare tun shekarar farko. Sai na tuna miyar da muka sha jiya. Malam yana da wani tsohon manomi a McLeansville da yake zuwa duba masa ƙasa, duk bazara yakan dawo da buhun takarda cike da ɗanyar kuɓewa.

Na ce wa Mis Odel, "Mama, ki ba ni kan nan zuwa gobe. In bai yi ba, ni zan riƙe miki almakashi."

Washegari na zo da kuɓewa. Na yayyanka a tukunya, na zuba ruwa, na ɗora a murhun matajin ƙarfe har ta yi yauƙi, na tace da tsohon ɗankwali, na bari ya huce. Mis Odel ta leƙa tukunyar ta ce, "Rabi, wannan abincin rana ne. Saura garin masara." Sista Klara ta ce in dai zai yi, ko miya ce a zuba mata.

Na zuba yauƙin a kan, na bar shi ya jiƙa, na ajiye mataji gefe. Da yatsu kawai na yi aikin, daga baki, sili-sili, ina zamewa ina rabawa. Awa uku da rabi. Wanda ya riga ya mutu ya fito, babu yadda za a yi da shi, amma mai rai ya tsaya a inda yake. Da na kai tsakiyar kai, yatsuna suka wuce daga gindi har baki ba su maƙale ba. Mis Odel ta ɗora tabarau, ta sa nata yatsun, ta wuce. Ta je ta ɗauko almakashinta ta datse mataccen bakin, ta bar kamar tsawon yatsa biyu a sama, guntu a ƙeya.

Daga nan muka kafa doka. Sista Klara za ta zo duk Talata. Babu wuta, babu rini, babu kwali. Wannan mako ƙwai da aka kaɗa don ƙarfi, a wanke da ruwan sanyi don kada a soya shi a kai, mako na gaba ruwan kuɓewa da kondishina a ƙarƙashin hular roba don laushi. Man kaɗanya a kan danshi. Kitso sako-sako, wanda ba ya jan fata. Da dare ɗankwalin siliki, don filon auduga yana shanye ruwan gashi. Hanifa, kina ji ko? Dokarki ke nan ke ma daga yau, kar ki ce mini "okey" ki je ki yi abin da kika ga dama.

A mako na shida rigima ta tashi. Sabon gashi ya fito da ƙarfinsa, amma fari fat a gaba, don furfurar da take ɓoyewa shekaru ta samu hanya.

"Ɗan rini kaɗan, Mis Rabi. A gaba kawai."

Na ce a'a.

"Ni ce fa mai kan."

Na ce, "Haka ne, Sista. Amma in rini ya taɓa wanda muka ceto, zai zube a makon biki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya."

Ban san yadda na juya karin maganar da Turanci ba, ina jin na ambaci ƙwarya da balaguro, don ta dube ni kamar na zautu. Ta juya wurin Mis Odel. "Odel, ki yi mata magana."

Mis Odel ba ta ko ɗago daga mujallar da take dubawa ba. "Kan nan na Rabi ne har ranar biki. Ni ma izini nake nema kafin in taɓa."

Ranar bikin da safe na yi mata ƙananan zane a gefe biyu suna hawa sama, na bar tsakiya ya tashi da laushinsa, farin gaban nan ya zauna kamar an ɗora mata azurfa. Ta daɗe gaban madubi tana juya kai. Sannan ta ɗauki malafar da ta zo da ita, ta dube ta, ta ajiye a kan benci ta ce mu riƙe mata, ba ta buƙata.

Talata mai zuwa muna ninke tawul sai muka ji hayaniya a ƙofa. Sista Klara ce riƙe da ragowar kek ɗin biki, a bayanta mata bakwai daga cikin mawaƙanta, kowacce da malafa. Ta tsaya tsakiyar shago ta ɗaga hannu kamar za ta ba da waƙa, ta ce, "To, 'yan'uwa, a cire." Suka cire a tare. Kowacce da tata ɓarnar kwalin. Mis Odel ta dafe ƙirji ta ce, "Ya Ubangiji, duk cocin ne?" Klara ta ce, "Waɗannan masu siririyar murya ne kawai. Masu kauri sai Alhamis."

Ba mu rufe ba. Kal ya ragu, amma gyaran abin da kal ya ɓata ya cika mana benci, har daga wasu garuruwa ake zuwa neman "matar Afirka mai kuɓewa". Ba duka na ceta ba, kar ku ɗauka sihiri ne. Akwai kan da na duba na ce sai dai a aske a fara sabo, wata ta zage ni ta fita, bayan wata biyu ta dawo da kanta a aske muka fara daga farko. Da sanyi ya shigo kuɓewa ta ƙare a gona, sai na koma irin ta gida: na yanka da yawa tun kaka na shanya a baranda, maƙwabta suna tambaya ko ado ne. Man kaɗanya kuwa, duk ɗalibin da zai je hutu gida, ko ɗan Kano ne ko ɗan Maraɗi, ya san Anti Rabi za ta bi shi har mota da saƙo. Wani Malam Hamisu ya ce a filin jirgi sun buɗe gwangwanin, sun shinshina, sun tambaye shi ko cuku ne.

A ƙarshen shekarun tamanin ciwon gaɓɓai ya kama Mis Odel. Yatsunta suka kumbura, ta daina naɗi, ta koma zama kusa da ƙofa tana karɓar mutane tana ba ni umarnin da ba na buƙata. Wata Asabar da la'asar, kwastoma ta ƙarshe ta fita, ina share gashi a ƙasa, sai na ji kujerata ta yi ƙara. Na juya na gan ta zaune a ciki, ta ɗaura wa kanta tawul a wuya. Duk shekarun nan a gida take gyara kanta, babu mahaluƙin da ya taɓa shi, ko 'yarta.

"Hannuna ba ya kaiwa sama kuma," in ji ta. "Gobe akwai coci. Kar ki tsaya kallona."

Na jingina tsintsiya, na wanke hannu. Na zare fil-fil ɗin da ta soke, gashi ya sauko fari tas, mai yawa, har kafaɗa. Na kai ta baho. Na yi zaton za ta yi ta gyara mini aiki daga farko har ƙarshe, amma ina fara murza fatar kan sai na ji ta yi shiru. Can sai ga minshari. Na ci gaba a hankali, na wanke, na shafa, na busar, na naɗe mata shi a ƙeya yadda take so, duk tana gyangyaɗi.

Da ta farka na juya ta ga madubi, na riƙe ƙaramin a bayanta. Ta ɗora tabarau. Ta duba dama, ta duba hagu, ta sa na ɗaga madubin, ta sa na sauke. Ta shafa ƙeya, ta shafa bayan kunne. Na san laifi take nema, kuma ta daɗe tana nema. Daga ƙarshe ta cire tawul, ta ninke shi, ta miƙe da ƙyar ta ɗauki jakarta. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu," in ji ta. "Kada ki ba kowa wannan lokacin. Na samu mai gyaran gashi."